Kwanon Ok-bun

"Yaya Ok-bun, na san kina ciki, ina jin talabijin ɗinki!"

Gong Mal-sun ta ƙara dukan ƙofar da gwiwar hannu, don tana riƙe da kwanon miya mai zafi. Sai can maƙwabciyar tata ta buɗe ɗan kaɗan, takunkumi har ƙasan ido.

"Rataye a mariƙin ƙofa ki ja baya. Ke ba kya jin sanarwa ne?"

"Ina ji. Nuna mini maganinki."

Shekara goma sha tara ke nan ƙofofinsu na kallon juna a hawa na huɗu na wani tsohon bene a birnin Daegu na Koriya. Pyo Ok-bun ta girme ta da shekara shida, tana fama da ciwon sukari da hawan jini, ga taurin kai cikon na uku. A da, a zauren tsofaffin unguwa suke wuni suna karta, kowa ya zura hannu a na'urar awon jini kafin ya tafi gida. Da annoba ta zo aka garƙame zauren, Ok-bun ma ta garƙame kanta. Wata biyar rabonta da likita.

Ta miƙo robar maganin. Kowace ƙwaya an raba ta biyu da wuƙa.

"Rabi-rabi kike sha? Yaya, kabewa ce?"

"Ni ɗin nawa nake? Rabi ya ishi jikina."

"Asibitin fa tasha uku ce a bas."

"In na kwaso cutar fa? Gobe kowa ya karanta sanarwar hukuma a wayarsa: tsohuwa ta je nan, ta je can, ta ci taliya a shagon ɗanta. A rufe wa Du-sik shago saboda ni? Gara kumburarriyar ƙafar nan tawa ta ruɓe."

Ok-bun ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan, kunyar jawo wa mutane wahala kawai take ji. Mal-sun ta san haka, ta kuma san ta inda za ta kama ta. Kwanon nan mai ruwan ɗorawa na Ok-bun ne, shekara da shekaru yana kai da komo tsakaninsu, kuma mai mutunci ba ya mayar wa maƙwabci kwano wayam. Mal-sun takan zubo miya lami saboda hawan jinin, Ok-bun ta mayar da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da mitar cewa an mai da ita akuya.

"Ranar Litinin za mu tafi tare," in ji Mal-sun. "In kika ƙi, kwanon nan zan dawo miki da shi ba ko ƙwayar shinkafa, a gaban duk 'yan hawan nan."

"Ba za ki iya ba, marar kunya!"

"Gwada ni."

Dariya ta kuɓuce wa Ok-bun cikin takunkumi. "To, uwar iya sa mutum. Litinin, ƙarfe tara. Amma takunkumi biyu zan sa."

Ranar Lahadi kwanon ya dawo da gasasshen dankali. Mal-sun ta cinye, ta wanke shi ta kife, tana murmushin wadda ta riga ta ci nasara.

Litinin ƙarfe tara ta buga ƙofa, shiru. Ta sake bugawa, ta kira, sannan ta danna lambobin makullin da ta daɗe da haddacewa.

A dakalin cire takalma ta same ta zaune, kanta jingine da bango. Ta sa rigar sanyinta ta zuwa unguwa, jaka a cinya, takunkumi biyu a fuska. Ƙafa ɗaya na cikin takalmi, ɗayar da ta kumbura ba ta shiga ba.

"Yaya, tashi mana. Bas zai wuce."

Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a kanta. Dokar annoba ta hana taro, Mal-sun ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta waya Du-sik ya yi mata godiya yana kuka. Abin ya ci ta ƙwarai, don ta tabbata da ta matsa mata tun wata biyu baya, da tuni an wuce wurin.

A rana ta uku ta ɗauko kwanon. Ta dafa kifin da Ok-bun ke so, ta zuba gishiri ba awo, ta ƙara. Ta tsallaka ta rataye shi a mariƙin ƙofar, ta ja baya taku biyu. Tururi na fita ta gefen murfin.