Cinya da Kafaɗa

Shekara goma sha ɗaya Godonu yana gasa naman alade a bakin kasuwar Ajara, allonsa na cewa baƙin aladen gida zalla. Bakwai daga cikin shekarun nan farin aladen gona yake yankawa. Baƙin ƙarami ne, ga jinkirin girma. In an babbake fata an zuba yaji, wa zai tambayi alade launinsa?

Wata huɗu da suka wuce Senami, 'yar ƙanwarsa da ke jami'a, ta roƙi yanka biyu don bincikenta na gama karatu, ɗaya na baƙi, ɗaya na fari. Don kunya ya zagaya bayan rumfa, ya yanko cinya da kafaɗar alade guda, ya ƙulla a leda biyu.

Yau ga ta ta diro daga babur, takardu a hammata.

"Kawu, baƙinka ya kayar da farin na Turawa!"

"A kokawa?"

"A kwalbar gwaji. In nama ya narke a ciki yakan farfashe ƙanana, feftayid ake ce musu. Wasu kan tare abin da ke matse jijiya har jini ya hau. Na baƙin sun kusa ninka na farin."

"To ni da nake ci kullum, me ya sa nawa ke hawa?"

"Gishiri da kitse da barasa, tsoho. Ka dubi tumbinka."

Ya duba. Tumbin ma ƙarya yake ɗauke da ita.

"Alhamis zan tsaya gaban malamai," ta ce. "Na sa sunanka a shafin godiya. Godonu, amintaccen mai nama."

Amintacce. Ya juya tsokar da ba ta buƙatar juyi. In ya yi shiru, yarinyar za ta tsaya gaban manya ta rantse a kan ledarsa, a buga, a ajiye da sunanta. In ya yi magana, kafin la'asar uwarta ta ji, kuma abin da uwarta ta ji kasuwa ta ji.

"Senami. Alade ɗaya ne."

"Wane?"

"Duka biyun. Fari. Cinya da kafaɗa."

Ta dube shi, ta dubi allon. Kitse ya ɗiga a garwashi.

"Wata huɗu, Kawu. Wata huɗu ina auna alade da kansa?"

"Ai kin gano cinya ta fi kafaɗa. Ko kafaɗa ta fi cinya. Na manta wadda na sa a wace leda."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta roƙi malaminta a ɗaga ranar, in ya yarda. Amma yau za ta koma da baƙi na gaskiya, da fatarsa, da gashinsa.

Mutum ɗaya ke yanka baƙi a duk layin: Padonu, na tsallaken titi, wanda Godonu ya daɗe yana kira mai naman jabu.

Ya goge hannu ya tsallaka, Senami na biye da shi kamar 'yar sanda. Padonu ya saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ya ɗaga murya yadda masu kifi ma za su ji.

"Maraba da sarkin baƙin alade! Na ci za a ba ka, ko na gani don ka san kamanninsa?"

"Cinya," in ji Godonu. "Ka bar gashin."