Sakan Arba'in da Biyar

Ran Talata na shiga ɗakin sauya kaya na tarar da riguna biyu rataye a wurina, ja da koriya. A ƙungiyarmu ta hokin ƙanƙara ta mata a garin Melfort, launin rigar atisaye shi ne matsayinki: ja sahun farko na maciya raga, koriya sahu na uku. Shekara biyu ina 'yar tsakiyar jan sahu, kuma babu wadda ta kai ni ci.

Na kwashi rigunan na nufi Koci Lorraine Hrycan. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta turo mini takardar lissafin lokacin da kowa ke yi a fili. Ta ce ita sahu take ginawa, mutum uku da za su shiga fili tare su fito tare cikin sakan arba'in da biyar su ba wani sahu wuri, amma ni sai na yi tamanin. Shaylene da Mireille, abokan sahuna na gefe, suna fita a kan lokaci su bar ni da waɗanda ba mu saba ba, Tegan ta sahu na biyu kuma tana benci tana jiran in ga dama. Wasa shida, nasara ɗaya.

"Ran Asabar ki wuce lokacinki sau ɗaya, Danika, koriyar ta zama taki."

Shaylene ta ji komai daga ƙofa. "Ranki ya daɗe, ko mu shimfiɗa miki katifa a ƙanƙarar ne?"

Na ce ta bari sai ta koyi cin raga mu yi magana.

Ran Asabar da rana muka shiga wasan da duk wanda ya faɗi ya fita daga gasar. Saura minti uku, biyu da biyu. Faifai, wato ƙwallon hoki, ya faɗo kan sandata ta wasa a tsakiyar fili, mai tsaron baya ɗaya tak a gabana, kuma na san na fi ta gudu. Sai na ji fiton Koci, alamar lokacina ya cika.

Na cije. Na wurga faifan can kusurwarsu, na juya benci. 'Yan kallo suka ɗauki ihu, har muryar babana na tsinta yana tambaya ko na haukace.

Tegan da mutanenta suka dira da sabon ƙarfi. Suka tsare abokan karawarmu a gidansu minti guda cur, suka hana su hanyar canji, har ƙafafunsu suka mutu. Da wuya ta yi wuya, ɗayarsu ta doka faifan har ƙarshen fili don su sha iska. Alƙali ya busa. Doka ta ce waɗanda suka yi haka ba su da canji, kuma a gaban ragarsu za a sake sakin faifai.

Koci ta bugi kafaɗunmu mu uku, alamar mu shiga.

Abokiyar karawar da ta tsaya gabana haki take kamar za ta faɗi. Alƙali ya saki faifai, na fizge shi baya ga Mireille, na kutsa bakin raga. Biyu suka biyo ni, don kowa ya san Danika ba ta bayarwa. Mireille ta dawo mini da shi, na zura shi ta tsakanin ƙafafunsu zuwa Shaylene da ke tsaye ita kaɗai.

Jar fitila ta kama, alamar faifai ya shiga raga.

Shaylene ta rungumo ni tana cewa yanzu mu yi maganar. Ta kan kafaɗarta na hango Koci, agogo a hannu, tana yafito mu.

"Sakan bakwai kawai kuka yi. Ku fito, wasa bai ƙare ba."