Farin da Ya Hau Murjanin Injiniya

Ni tela ce. A ba ni yadi da almakashi, zan fitar da riga kafin shayi ya huce. Amma ruwan gishiri da duwatsu masu rai, wallahi ba aikina ba ne. Jarabar mijina ce, Injiniya, mai gyaran lif a dogayen gidaje. Shi ya kafa tankin gilashi a falonmu, tsawonsa ya kai gadon yaro, ya cika shi da ruwan da yake haɗawa da gishiri a bokiti, ya rataya masa fitila shuɗiya. Akwai kifaye 'yan kaɗan a ciki, amma ba su ne a ransa ba. Murjani yake kiwo. Ni a wuyan mata na san murjani, sai a gidan nan na ji wai dabba ne, yana ci, yana girma, yana kuma mutuwa in an ɓata masa ruwa.

A tsakiyar tankin akwai babban cikinsu, kore mai rassa, bakin kowane reshe shuɗi. Shekara da shekaru yana rainonsa. Yaranmu sun girma sun watse, ɗaya karatu ɗaya aure, abin nan yana nan yana ƙara reshe.

Sai ciwo ya same shi. Ya faɗi a banɗaki da safe, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage masa gurnani ne da hannun hagu, wanda yake buga hannun keken guragun da aka ɗora shi a kai da shi. Da muka dawo daga asibiti na kunna masa talabijin, ya juyar da kai. Masu dubiya suka zo, ya rufe ido. Amma da na tura keken gaban tankin, sai na ga mutumin da na aura ya leƙo ta cikin idon nan. A nan yake yini. Na kwaso keken ɗinkina na dawo da shi falo, na koyi auna gishiri, na koyi sauya ruwa da goge gilashi, ina yi ina mita, yana kallona.

Wani abokinsa na harkar kiwon ya zo dubiya. Maimakon lemo da ayaba kamar kowa, sai ya zo da ɗan guntun murjani a leda, ya naɗe hannun riga ya dasa shi a tankin da kansa. Injiniya ya yi ta buga keke yana gurnani. Mutumin ya ce, "Kin gani ko? Murna yake yi." Ni ma na ce murna ce, har da yi masa godiya na raka shi bakin ƙofa.

Bayan 'yan makonni ƙananan murjanin suka fara mutuwa. Yau wannan ya koɗe, gobe ya zama fari fat kamar alli. In cire shi, jibi na kusa da shi ya ɗauka. Na sauya ruwa har bayana ya riƙe. Na rage abincin kifi, na ƙara, na sake ragewa. Duk wanda na cire sai in tura wani dutse wurin don kada gurbin ya fito, kamar mai ɓoye tabon guga a rigar mutane.

Yayarsa ta zo ta same ni tsugune da tiyo a hannu, zanina jiƙe sharkaf. Ta ce, "Ke kam kin haɗa wa kanki jinya biyu. Ki kira masu saye su kwashe tarkacen nan, ki huta."

Na ce, "Yaya, in aka kwashe, me zai kalla? Bango?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ni kuwa ban ba ta haƙuri ba, don raina a wuya yake.

Ranar da na ga farin a gindin babban, sai da na zauna a ƙasa. Ɗan kaɗan ne, bai fi faɗin farce ba, amma na san shi, na ga yadda yake cinye sauran. Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan da bai gama mutuwa ba, na sa a kwalba da ruwansa, na nufi shagon da Injiniya yake sayen gishiri. Shagon ƙarami ne, tsakanin mai wanki da mai gyaran waya, ciki duk ƙarar famfo da warin danshi. Mai Kifi muke ce wa mai shagon, wani siririn dattijo da ba ya gaggawa ko gobara ake yi.

Ya juye abin a farin kwano, ya ɗiga magani, ya jira. Sannan ya ɗauki sirinji ya fesa masa ruwa. Sai ga wasu abubuwa suna faɗowa, falan-falan, launinsu sak na murjanin, suna murɗewa a gindin kwanon.

"Tsutsotsi ne, Hajiya," in ji shi. "Namansa suke ci. Ido ba ya ganinsu a jikinsa. An sa wani sabo a tankin ba a tsoma shi a magani ba?"

Na tuna bugun keken nan. Kunya da takaici suka rufe ni, na ce masa eh.

Ya miƙo min gilashin ƙara girma, ya nuna min wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a kan wurin da ya mutu. "Waɗannan ƙwai ne. Magani yana kashe iyayen, ba ya taɓa ƙwan. Babban naku ya kama?"

"Gindin kawai."

"To ki yanke rassan sama masu lafiya, ki tsoma su, ki ware su a wani ruwa dabam. Gindin da duk inda farin ya taɓa, ki zubar. Yau, ba gobe ba."

"In zubar?"

"A shara."

Na ce, "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa? Mutumin nan rabin jikinsa ya mutu. Ni zan tsaya a gabansa da almakashi in yanke rabin da ya mutu in jefa a shara, yana kallo?"

Mai Kifi ya sunkuyar da kai yana goge kwanonsa. Ya ce a hankali, "Allah ya ba shi lafiya. Amma ƙwan ba su san wannan ba."

Na sayi maganin na fito ko sallama ban yi masa ba.

Ana kai Injiniya asibiti gashin ƙashi wasu ranaku da hantsi, motar asibitin ce take ɗaukarsa ta dawo da shi. Da sun fita sai in rufe ƙofa, in ciro babban da dutsensa, in tsoma shi dungurungum a bokitin magani. Tsutsotsin su zubo, in ce alhamdulillahi, na gama da ku, 'yan banza. In mayar da shi, amma sai in juya shi kaɗan, ɓangaren farin ya koma bango, koren ya fuskanci inda kekensa yake tsayawa.

Tun ranar da na fara juya shi Injiniya ya canza. In kawo cokali ya datse baki. Ya yi ta bugun keke yana kallona, yana kallon tankin. Na auna masa jini, na kira likita, na sauya masa matashi. Na ce ko kujerar ce take cinsa, ko maganin ne bai karɓe shi ba. Komai na zarga ban da abin da ke gabana.

Farin kuwa bai fasa hawa ba. Bayan kowace tsomawa sai ya lafa kwana kaɗan, in fara numfashi, sai sababbi su ƙyanƙyashe ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya bar gindi ya kama rassa. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, wata ta zo karɓar rigar bikinta na ba ta hannu ɗaya ba a haɗa ba, ta zazzage ni tas, ban ma iya ramawa ba, ni da ba a taɓa ni in yi shiru. Na roƙi Allah a kan dutsen nan kamar yadda na roƙa a ƙofar ɗakin tiyata. Ina jin tsoro ƙwarai. Gani nake ranar da abin nan ya gama fari, ranar Injiniya zai rufe ido ya ƙi sake buɗewa ga kowa.

Na juya shi, na sake juyawa, har ranar da na sa hannu cikin ruwan na rasa ɓangaren da zan nuna masa. Ko ta ina fari ne, sai 'yan kawunan rassa a can sama. Ina tsaye a haka, hannuna cikin ruwa har kafaɗa, aka buɗe ƙofa aka turo shi. An sallame su da wuri.

Ma'aikacin asibitin ya ajiye shi ya tafi. Na zare hannuna ina ɗiga, na fara kame-kame. "Fitilar ce take sa shi haka, bari in…"

Ya miƙo hannun hagu ya cafko tef ɗin awo da ke rataye a wuyana, ya jawo ni har sai da na durƙusa. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya saki tef ɗin, ya nuna durowar da ke ƙarƙashin tankin.

Na buɗe. Na ɗago robar gishiri, ya girgiza kai. Na ɗago raga, ya yi gurnani. Na ɗago gam ɗin liƙa murjani a dutse, ya ɗan tsaya, sannan ya sake nuni ciki. A can ƙurya, naɗe a tsumma, akwai wata filaya mai kaifin baki. Da na ɗago ta ya buga keke sau ɗaya da ƙarfi.

"A'a," na ce. "Wallahi ba zan yi ba. Baban yara, kar ka sa ni."

Ya zuba min ido. Idon ya yi ja, amma ba na kuka ba ne, na fushi ne, irin wanda yake yi wa yaran aikinsa in sun bar waya a buɗe. Ashe tun ranar farko ya gani. Mutumin da ya san kowane reshe kamar yatsunsa, ni zan juya masa shi in ce bai lura ba? Makonni yana zaune yana kallon abinsa ana ci, yana da amsar a kansa, ba bakin faɗa, ni kuma ina ta sauya masa matashi.

Na shimfiɗa tawul a cinyarsa, na ciro babban na ɗora a kai. Na cika kwano da ruwan tankin. Na sa bakin filayar daidai inda fari ya haɗu da kore, don in ceci duk abin da zai cetu. Ya ture hannuna sama. Na matsa kaɗan. Ya sake turewa, har cikin koren sosai, inda ni ban ga wani aibu ba.

"Haba, nan ai lafiyarsa ƙalau!"

Ya danna yatsansa a wurin bai ɗaga ba. Na runtse ido na matse. Ya karye ƙas, kamar an karya ƙashin kaza. Na saki wata ƙara ni kaɗai. Shi ko gezau, ya riga ya kai yatsa kan na gaba.

Haka muka bi su. Wani reshen in kai filaya ya kawar da hannuna, ya duba ƙasansa ya girgiza kai, a bar shi. Da muka gama, abin da ke cikin kwanon bai cika tafin hannu ba, 'yan guntaye kamar gaɓar yatsa, suna fitar da yauƙi. Duk sauran, aikin shekarunsa, yana kan tawul.

Na jawo bokitin shara, na kai hannu zan ɗauka. Ya hana ni. Ya dafa shi ya daɗe, babban yatsansa na shafa wani reshe fari. Sannan ya tura shi da kansa a hankali har bakin gwiwarsa, ya sake shi. Ya faɗa bokitin ya farfashe.

Na ga idonsa ya sauka daga bokitin ya koma kan hannunsa na dama, wanda yake kwance a gefen tawul ɗin kamar ba nasa ba. Ya tsaya a kansa.

Na yar da filayar, na kama hannun da hannuwana biyu. Sanyi gare shi, ga nauyi, na san ko jin riƙona ba ya yi.

"Kar ma ka fara," na ce. "Wannan nawa ne. Ka ji ni ko? Kar ka kuskura ka nuna min shi."

Rabin bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito, ban sani ba ko dariya ce. Hawaye na bin kumatunsa duka biyun, na hagu da na dama. Ban saki hannun ba, da ɗayan hannuna na laluba na jawo kwalbar maganin da za mu tsoma guntayen a ciki.