Inda Shirwa Ta Juya

Ranar da mijina Kelvin ya buɗe baki ya ce Kyaftin Dorvane ba maci amana ba ne, nan take raina ya ba ni akwai mace a cikin maganar.

Kada a ce na cika zargi. Ni da Kelvin a layin sinimar garinmu Whyalla muka haɗu, ranar da aka fara nuna fim ɗin Mashigar Veshti, muka kuma fito muna zagin mutum ɗaya. A yaƙin ƙarshe na fim ɗin, jiragen sararin samaniya na mutanen duniya sun jeru sun toshe mashigar, abokan gaba suna kwararowa kamar fara. Ana tsakiyar gumurzu sai Shirwa, jirgin Dorvane, wadda ke riƙe da ɓangaren hagu, ta zame daga sahu ta nausa cikin duhu. Ba a sake ganinta ba. An ci yaƙin da ƙyar, fim ya ƙare bai ce komai a kanta ba, wanda ya shirya shi kuma ya mutu bai ce uffan ba. Mu dai mun san Dorvane gudu ya yi, kuma a kan haka muka yi aure, muka haifi 'ya'ya, muka yi furfura.

Kowace Lahadi bayan abincin rana mukan taru a ɗakin bayan shagon kifin Stavros, inda ya kafa farin allo da majigi. Mu goma sha wani abu ne, duk mun tsufa, duk kayanmu na warin man suya idan mun tashi. Ɓangare biyu ne: masu cewa Dorvane ya ci amana, da masu wanke shi. Kelvin ne jagoranmu. Shekarunsa na aiki duka a saman ƙugiyar ɗaga ƙarfe ya yi su a masana'anta, idonsa kuwa ba ya kuskure. Shi ne ya gano inuwar hannun Dorvane a gilashin hularsa yana kai wa sitiyari tun kafin a harbo su. Da wannan inuwar ya sha rufe bakin mutane.

Jagorar ɗaya ɓangaren ita ce Glenys, wadda ta koyar da kiɗan fiyano har ta yi ritaya, mijinta kuma ya rasu. Kullum da kwanon kek mai kwakwa take zuwa, kullum da murmushin nan na wadda ta yafe maka tun ba ka yi laifi ba. Hujjarta ba ta wuce sauti: wai kiɗan da ke tashi lokacin da Shirwa ta juya kiɗan makoki ne, ba a yi wa matsoraci irinsa. Kelvin kan ce mata, "Glenys, fim kallonsa ake yi. In sauraro kike so, ga rediyo can a shago."

To, wannan Kelvin ɗin ne ya harɗe hannu a ƙirji wata Lahadi, ya jingina da kujera, ya ce, "Stav, mayar da shi baya kaɗan. Ku saurari injin."

Stavros ya juyo da dankali a bakinsa. "Mu me?"

"Ku saurara, na ce. Injin Shirwa yana sarƙewa kafin ta juya. Jirgin nan ya riga ya ji rauni. Mutumin ya san in sauran suka gani za su bar sahu su zo ceto, mashigar ta buɗe. Shi ya sa ya tafi ya mutu inda ba mai ganinsa."

Ɗaki ya kaure. Stavros ya ce a taɓa wa Kelvin goshi ko zazzaɓi ne. Ni ban kalli Kelvin ba, Glenys na kalla. Wadda ta shekara da shekaru tana jiran wannan rana ba ta yi ko tafi ba. Sunkuyar da kai ta yi tana gyara kek a kwano, kek ɗin da babu abin da ya same shi.

Daga ranar na sa masa ido, irin sa idon da shi ya koya mini: ka tsayar da hoto, ka duba kusurwa, ka duba abin da ba a so ka duba.

Na farko, ya daina tuƙa a-kori-kurarsa, wai birki ne ya lalace. Na fita da ita har bakin teku na dawo, birki lafiya lau. Na biyu, ranar Alhamis sai ya yi wanka ya sa riga mai kyau ya fita da ƙafa, wai za shi rumfar da tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa suna 'yan sassaƙe-sassaƙe. Mutumin da ko kujerar gidanmu bai taɓa gyarawa ba. Na rage gashina na rina shi ja, har mai gidan mai ya yi magana, Kelvin bai ce komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina haɗa ido da ni. In yana mini magana sai ya kalli kunnena, ko bangon da ke bayana, kamar yaron da ya fasa tulu.

Sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman shinge tana shanya, ta ce, "Noelene, ashe Kelvin ya samu direba? Jiya na gan shi a motar Glenys, sun ɗauki hanyar garin Port Augusta."

Na ce mata eh, na sani. Na shiga gida na zauna a kicin. Kishi nake ji, kuma ina jin kunyar kishin, mace da jikoki.

Da ya fito shan shayi na ce, "Kel, me kuka sassaƙa jiya a rumfa?"

"Ɗan akwati."

"Ina yake?"

"Bai bushe ba."

"Katako ne ko kifi?"

"Fenti, Noe. Fentin ne bai bushe ba." Ya lalubi kofi ya kai baki. "Yau kuma da wa kika tashi faɗa?"

"Wa ya koya maka sauraron inji?"

"Kunne gare ni tun haihuwa."

"Kunnen da nake kira sau uku kafin ya ji? Kalle ni ka faɗa mini ba bakin wata ne a bakinka ba."

Ya ɗago, ya kalli kunnena na hagu, ya ce, "Mutum ba ya sauya ra'ayi ne?"

"Yana sauyawa. Har mata ma yana sauyawa."

Ya ajiye kofin ya fita lambu. Da ya yi mini tsawa da na fi jin daɗi.

Akwai wata doka a ƙungiyarmu da muke kira ɗora yatsa. Duk wanda ya sauya ɓangare, in wani ya nema, dole ya karɓi rimot, ya tsayar da fim a daidai wurin da ya sauya masa tunani, ya je gaban allo ya ɗora yatsa a kan hujjarsa. Baki kawai ba ya isa. Kelvin ne ma ya kawo dokar, don ya hana mutanen Glenys fakewa da kiɗa. Babu wanda ya nema a kansa, don ana ganin girmansa. Ni na yanke zan nema. Na ce a raina, in karatun da aka yi masa a mota ne, zai tsaya a gaban jama'a ba shi da abin nunawa, sai in ga yadda ita za ta yi da fuskarta.

Lahadi ta zo. Stavros ya rufe labule, ya rarraba kifi a takarda, ya kunna majigi. Na bari aka kai inda jirage suka jeru, sannan na miƙe.

"Ina neman Kelvin ya ɗora yatsa."

Stavros ya yi dariya. "Kai, Kel, me ka yi a gida? Ka manta ranar aurenku ne?"

"Ba wasa nake ba, Stav. Ya ce Shirwa ta ji rauni. Jirgin da ya ji rauni yana hayaƙi, ko tartsatsi, ko wani abu. Ya nuna mana."

Glenys ta ce, "Noelene, ki bari mana. Ai ya yi bayani."

"Ke ce lauyarsa yanzu?"

Fuskarta ta yi ja. Na ji daɗin wannan jan, ba zan ɓoye ba.

Kelvin ya miƙa hannu. "Doka doka ce. Ba ni, Stav."

Ya riƙe rimot ɗin yana shafa maɓallan da babban yatsa. Fim yana tafiya, ya karkata kai gefe guda, da injin ya yi wannan sarƙewar sai ya danna. Wuri ya samu daidai. Ga Shirwa can a hagu, ƙarama kamar ƙwayar wake, ta fara karkata daga sahu. Ya tashi ya nufi allo a hankali, gwiwarsa ta bugi kujerar da ke hanya. Wani ya ce giyar jiya ce. Ya tsaya, haske yana dukan bayansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannu ya ɗora yatsa.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku duba ƙarƙashin fiffiken."

Babu komai a wurin. Baƙin sarari ne kawai, ko tauraro babu. Shirwa tana can nesa da yatsansa da kusan kamu ɗaya.

Stavros ya buɗe baki zai yi ba'a, sai ya rufe. Majigi kaɗai ke ƙara. Glenys ta rufe fuska da hannu biyu. Kelvin ya ji shirun, ya matsar da yatsan dama kaɗan, ya ƙara nisa. Ya sake matsarwa sama. Wannan mutumin da ya ga inuwar hannu a gilashin hula.

"Noe," ya ce, bai juyo ba. "Ina take?"

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na kama wuyan hannunsa na ja shi hagu na ɗora yatsan a kan jirgin. Hannun ya yi sanyi. A ƙarƙashin fiffiken kuwa akwai wani ɗan farin zare yana fita, siriri, wanda duk shekarun nan muke ɗauka ƙarcewar tsohon fim ne.

"Akwai hayaƙi?" ya tambaya a hankali.

"Akwai."

"Na faɗa miki."

Stavros ya yi gyaran murya ya ce mai yana ƙonewa a shago, duk da ya kashe wuta tun rana. Mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Glenys ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"A tashar bas na same shi," ta ce. "Yana tambayar mutane lambar motar da ke tsaye a gabansa. Wurin likitan ido nake kai shi, Noelene, allura ake yi masa. Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba. Na ce masa ba daidai ba ne, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Ta fita ta ja ƙofar.

Haushi ne ya fara zuwa kafin tausayi. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka bar ni ina bin ka kamar ɗan sanda, ina zargin baiwar Allah da kek ɗinta!"

"Glenys?" Ya yi wata 'yar dariya. "Haba, Noe. Matar da ke ganin kiɗa hujja ne?"

"Kada ka mayar mini da shi wasa."

Ya lalubi kujera ya zauna. "Kin gama jinyar mahaifiyarki ba a daɗe ba. Kin fara zuwa iyo, kin fara dariya. Na ce in allurar ta yi aiki, ba sai kin sani ba."

"Ta yi?"

"Idon dama ya tafi. Na hagu suna ƙoƙarin riƙe shi."

"To ka ji ni da kyau. Dorvane ɗinka maci amana ne, da hayaƙi ko ba hayaƙi. Mutanen nan tare suka fito yaƙi. Da ya faɗa musu, su za su zaɓa ko su bar sahu ko su tsaya. Wa ya ba shi ikon zaɓar musu?"

Bai musa ba. Kelvin, wanda bai taɓa barin kowa da maganar ƙarshe a ɗakin nan ba.

Na jawo kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. "Ranar Alhamis ni zan kai ka. Birkin motarka lafiyarsa ƙalau, na gwada."

"Na san kin gwada. Kin bar kujerar a matse."

"Yanzu faɗa mini gaskiya. In ka kalle ni, me kake gani?"

Ya ɗago fuska ya fuskance ni sosai, karo na farko cikin watanni. Idanun suna nan yadda na san su, ruwan toka, ba abin da ya nuna.

"Gefe-gefe ina gani," ya ce. "Kafaɗunki, labule, hasken can. Tsakiyar ce babu. Duk abin da na kalla kai tsaye shi ke ɓacewa, shi ya sa nake kallon kunnenki, ta nan nake ɗan samun ki." Ya ɗan karkata kai. "Fim ɗin bai dame ni ba, Noe, na haddace shi. Tun kafin Kirsimeti rabona da ganin fuskarki."

Na kama hannuwansa biyu na ɗora su a kumatuna. Suna warin kifi da gishiri, ban cire su ba.