Shekarun Aƙilu

Aƙilu ya yi laifi, ko uwarsa Hasiya ba ta musa ba. An kama shi a Badawa cikin 'yan ƙwacen waya, da wuƙa a ƙugunsa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne shekarun da aka ɗora masa a caji ofis. Yaro ne dogo, gemu har ya fara tsiro masa, sai aka dube shi sama da ƙasa aka ce sha tara. Shi kuwa ko sha bakwai bai cika ba.

Lauya Rahma, mai tsaya wa marasa ƙarfi, ta yi mata bayani dalla-dalla. In an tabbatar bai kai sha takwas ba, kotun yara za a kai shi, daga nan gidan gyaran hali inda ake koyar da sana'a. In ba haka ba, gidan yari ne, cikin riƙaƙƙun 'yan daba.

"Baba, kina da takardar haihuwarsa?"

"Wace takarda, 'yar nan? A ɗakin baya na haife shi, a gidan aikina."

"To, wa zai yi shaida?"

Nan Hasiya ta ji sanyi a ranta. Ita ce mai girkin gidan Hajiya Safina a Nasarawa GRA tun Hajiya tana amarya. Mako ɗaya suka haihu. Da ciwo ya kwantar da Hajiya, Hasiya ce ta shayar da ɗanta Taufiq, shi a dama, Aƙilu a hagu. Kuma Hajiya mace ce mai tausayi, ko a talabijin ta ga an tara yara a bayan motar 'yan sanda sai ta share hawaye.

Hasiya ta same ta a falo, ta durƙusa ta faɗi buƙatarta. Hajiya ta yi kuka, kukan gaske, sannan ta sassauta murya.

"Hasiya, kin san Taufiq da wuri ya gama sakandare. Sai da Alhaji ya ƙara masa shekara biyu kafin jami'a ta ɗauke shi. In na rantse gaban alƙali, asirinsa zai tonu, a kore shi daga karatun likita."

"Ba sai kin ambaci Taufiq ba, Hajiya."

"Lauyoyi ne fa, za su tono. Alhaji ya ce kar in kuskura."

Ta yi alkawarin aika wa Aƙilu katifa da sabulu da kular abinci kullum. Hasiya ta ce ta gode. Me za ta ce?

Ranar zaman kotu, Lauya Rahma ta yi iya yinta, amma shaidar uwa kaɗai ba ta wadatar ba. Aka wuce da Aƙilu gidan yari. Yana hawa mota yana kuka da majina, ga gemun nan dai a haɓarsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya Taufiq ya dawo hutu, aka shirya masa bikin ranar haihuwa a lambun gidan. Ba wanda ya gaya masa komai. Hajiya, cikin jin nauyi, ta ce Hasiya ta je ta huta, amma Taufiq ya leƙo kicin yana dariya.

"Inna, ke za ki kawo min kek ɗin, kamar kowace shekara."

Ta ɗauko. Ba ta yi boko ba, amma ta san lamba: ɗaya da bakwai ne a tsaye a kan kek ɗin, suna ci da wuta. A cikin gida ba a ƙara masa ko wata ɗaya ba. Baƙin ciki ya cika ta.

Taufiq ya sunkuya zai hura, sai ya ɗago yana dube-dube.

"Ina Aƙilu? Ai tare muke hurawa."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Hasiya ta ajiye farantin a hankali.

"Hura abinka, Taufiq," in ji ta. "Shi yanzu ya girme ka."