Layuka Biyar da Sarewar Usta Bayyumi

Shekara talatin da huɗu Usta Bayyumi yana busa sarewa a ƙungiyarmu ta makaɗa a Iskandariyya ta ƙasar Masar, bai taɓa neman takarda ba. Usta, haka muke kiran wanda ya ƙware a sana'arsa. Sai aka kawo mana sabon shugaba, Maestro Ra'uf, wanda ya dawo daga Turai da wata 'yar siririyar sanda da ɗaga hanci. Ran farko ya ce duk wanda bai iya karanta nota ba, wato rubutun kiɗa, an ba shi wata biyu. Daga nan sai jarrabawa, wanda ya faɗi ya bar kujerarsa. Mu ashirin ne, kuma kowa ya san da wa ake.

Ni ne mai gogen da ke zama kusa da shi, sai koyarwar ta faɗo kaina. Ban so ba. Ba ni da haƙuri, matata ma shaida ce. Amma mutumin nan shi ya yi mini busa ran aurena, kuma in ka raba shi da kujerar nan ban san abin da zai tashi ya yi da safe ba.

Kullum bayan la'asar muna gidan shayin da ke bayan gidan wasan da muke kiɗa. Na zana masa layuka biyar, na ɗiga baƙaƙen ɗigo, wasu da wutsiya, wasu babu.

"Hilmi, wannan ai kashin ƙuda ne," in ji shi.

"Kashin ƙudan nan ne zai riƙe maka kujera, Usta. Wanda ke layin ƙasa sunansa mi. Sa yatsa."

Ya ɗora yatsa a ƙarshen layin ta dama, kamar yadda muke karatun Larabci.

"Daga hagu ake farawa."

"Hagu? Wane mai tarbiyya ne ke fara abu daga hagu? Jarida ma daga dama nake karanta ta."

"To wannan ba jarida ba ce!"

"Na gani. Jarida tana da labari."

Mako biyu muka yi a kan haka. Yau ya gane ɗigon da ke kan layi, gobe ya rikita shi da na tsakanin layuka. Na ce farin ɗigo a riƙe shi tsawon bugu biyu, ya ce shi numfashinsa ke gaya masa inda zai tsaya. Har kofin shayi na taɓa bugawa a tebur saboda haushi.

A mako na uku sai abu ya buɗe, ko kuwa haka na zata. Ina bin layi da yatsa, shi kuma yana busawa daidai, ko tuntuɓe babu. Na kawo mai wuya, ya wuce. Na kawo wadda ta fi ta, ya wuce har da ƙarin kwalliya, sai da na hana shi. Na shiga cika baki a ƙungiya cewa ni na koya wa tsoho karatu cikin wata guda. Wallahi na ji daɗin kaina.

Abin da ban lura da shi ba shi ne bakina. Mu duka haka muka taso: malami ya rera, ɗalibi ya kama. Ni ma kafin in san takarda haka aka koya mini. Don haka duk sanda na buɗe sabon shafi, nakan bi shi da yatsa ina ɗan rerawa ƙasa-ƙasa, ban ma san ina yi ba. Kunnen Usta Bayyumi kuwa sau ɗaya yake buƙata.

Ran jarrabawa Usta ya zo da kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya shafa wa sarewar mai. Muka zauna a kujerun 'yan kallo. Maestro Ra'uf ya ajiye masa shafi guda wanda shi da kansa ya rubuta da safiyar nan, layi huɗu kacal, abin da ɗan koyo zai karanta yana hamma.

"Bismilla, Usta."

Ya gyara tabarau. Ya kai sarewa baki. Ya sauke. Ya ɗora yatsa a hagu kamar yadda na koya masa, yatsan ya tsaya nan. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin motoci a bakin teku. Sai ya juyo yana nemana cikin mutane, ba tare da jin wani nauyi ba, don shi a saninsa haka ake karatun.

"Hilmi, ɗan taɓa min farkon mana."

Nan take na gane abin da na yi. Kunya ta rufe ni. Har leɓena ya motsa zan rera masa, sai Maestro ya ɗaga sandarsa.

"Malam Hilmi, ba kai ake gwadawa ba."

Usta Bayyumi ya jira ni, ya ƙara jira. Da ya ga ba abin da zai fito daga bakina, sai ya naɗe sarewar a ƙyallenta, ya yi wa Maestro godiya, ya sauka. Ko roƙo bai yi ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Washegari aka zaunar da wani a kujerarsa, mai karatu tsaf. Da la'asar na same shi a gidan shayin, ya tattaro duk takardun da na rubuta masa a cikin jaka.

"Usta, laifina ne. A ba mu wata biyu kuma, zan rufe bakina, mu fara daga farko."

"Ina da shekara sittin da takwas, ɗana. Idon ma ya gaji." Ya turo mini jakar. "Riƙe kayanka. Wata biyu ina kallonsu, ba su taɓa ce min uffan ba. Ni dai kai nake ji."