Ɗan Farin Rahamatu

Ɗakin shan maganin ƙauyenmu, nan kusa da Sule Tankarkar, da guminmu muka gina shi. Maza suka buga bulo, mu mata muka yi ta jidar ruwa har gammo ya cinye mana gashin tsakar ka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro kwance a gida, alhali Malama Muhsina, ma'aikaciyar lafiya, tana tasowa tun daga Gumel kowace Talata ta zo ta zauna tana korar ƙuda.

Wannan karon ɗan maƙwabciyata Rahamatu ne ya kwanta. Ɗan fari ne, ga shi ya ci sunan surukinta, Ɗalha, kunya kan kunya ke nan. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta goyonsa a gaban mutane, tun da aka yaye shi ma yana ɗakin kakarsa Iya. Haka muka taras, ni ma haka na yi wa nawa.

Amai da gudawa suka sa yaron gaba har idanunsa suka faɗa. Iya ta ce haƙori ne, tana ta ɗura masa jiƙo. Na leƙa na ce a kai shi wurin Malama, Iya ta ce, "Zinariya, 'ya'ya nawa kika raya da za ki koya min?" Na juya na koma gida. Uban yaron kuwa ya kora shanun wani attajiri zuwa kasuwar Maigatari, ba a san ranar dawowarsa ba.

Ran Talata bayan azahar Rahamatu na daka a tsakar gida, ina jin ta ta katanga. Yaron ya yi kuka, taɓarya ta tsaya, sannan ta ci gaba. Can sai kukan ya ɗauke gaba ɗaya. Ga shi kuwa da la'asar Malama ke tafiya, sai kuma wata Talatar.

Na shiga da gudu, na tarar ta fito daga ɗakin Iya tana ɗaure yaron a bayanta.

"Ke!" in ji Iya. "Wa kika goya a gabana? Ina kunyarki?"

Rahamatu ta durƙusa har ƙasa. "Iya, ki gafarce ni. Kunyar tana nan, in na dawo na ɗauka. Shi ne ba zai jira ni ba."

Ta miƙe ta ratsa tsakiyar gari, ta gaban majalisar dattawa, kowa na bin ta da ido. Na bi ta riƙe da takalmanta da ta manta.

Mun iske Malama har ta rufe taga. Ta ja fatar cikin yaron, fatar ta ƙi komawa. Nan da nan ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta kai masa cokali, ya ƙi buɗe baki.

"Yaya sunansa?" Malama ta tambaya.

Na buɗe baki zan amsa mata, kamar yadda ake yi wa uwar ɗan fari, sai Rahamatu ta riƙe min hannu.

"Ɗalha," ta ce.

Yaron da tun fitowarmu bai motsa ba ya juyo da kai, yana neman mai kiransa da wannan murya. Ta karɓi cokalin daga hannun Malama.

"Ɗalha, ni ce. Buɗe ka sha."

Ya buɗe.